ZAƁEN ERIYA DOMIN REDIYON OBA-OBA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Babbar Kasuwar Gombe, ko a Tashar Dukku, ko a Filin Wasa na Pantami ranar wani babban taro, lalle ya ga mutane riƙe da 'yar na'urar nan ta magana wadda jama'a suka laƙaba wa suna oba-oba. A da, sai a hannun soja da 'yan sanda da ma'aikatan jirgin ƙasa a ke ganinta. Yanzu kuwa ta yi araha, har ta shiga hannun 'yan agaji, da 'yan sintirin unguwa, da masu gadin kasuwa, da masu aikin gina hanya.

Wani zai ce, me ya rage wa oba-oba tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001? Amsa ita ce, salula ba ta aiki sai da dogon ƙarfen kamfani, oba-oba kuwa daga hannu zuwa hannu ta ke magana, ba ruwanta da kowa a tsakani. Mutanen Borno da Yobe da Adamawa sun ga haka a 2013, sa'ad da aka rufe layukan salula saboda dokar ta-ɓaci, haka kuma mutanen Zamfara a 2021. Ko ba wannan, ranar da ruwa ya yi gyara cikin dare, kwaruruka suka cika suka raba unguwa da unguwa, abin da ɗan agaji ya ke bukata shi ne ya danna sau ɗaya abokan aikinsa goma su ji shi gaba ɗaya.

To, amma akwai kuka guda da a ke yawan ji daga masu wannan na'ura. Mutum ya sayo ta, an rubuta a jikin kwali wai tana cin kilomita kaza da kaza, ya zo gida ya gwada, ya tarar ko ƙetare unguwa biyu ba ta yi sai magana ta soma yankewa. Sai a ce masa ai eriya ce ta yi gajarta, ya sayi doguwa. Wani ya saya ya dace. Wani ya saya ya ga ba bambanci. Wani kuwa ya saya, bayan 'yan makonni rediyon ya daina aika magana sam. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana dalilin haka, domin kada mutum ya yi asarar kuɗinsa, ko ya dogara ga na'urar da za ta ba shi kunya ranar da rai ya ke cikin hatsari.

TSAWON ERIYA DA ZANGON REDIYO

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, eriya ba ta ƙara wa rediyo ƙarfi ko kaɗan. Ba ta da batir, ba ta da inji. Ƙarfin da rediyo ya ba ta, wanda a yawancin na hannu bai wuce wat 4 ko 5 ba, shi za ta watsa cikin iska. Kyakkyawar eriya ita ce wadda ta watsa kusan dukkan abin da aka ba ta. Mummuna kuwa ita ce wadda ta mai da wani kashi zafi, ko ta komar da shi cikin rediyon.

Ka dubi mai garaya ko mai kukuma. Tsawon tsirkiya shi ke ba da irin amon da za ta yi. In ya danne ta da yatsa ya gajarta ta, sai amo ya sake. Haka eriya ta ke. Kowane zango na rediyo yana da tsawon igiyarsa, kuma eriya ba ta amsawa sosai sai tsawonta ya yi daidai da wani yanki na wannan igiya. Wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz, shi ya fara tabbatar da samuwar waɗannan igiyoyi a gwaje-gwajensa na 1887 da 1888, don haka a ke auna zango da sunansa, a ce megahaz.

Lissafin ba shi da wuya. Ka raba 300 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon igiya a mita. Rediyon oba-oba iri biyu ne galibi. Akwai mai alamar VHF, wanda ya ke aiki tsakanin megahaz 136 da 174. Akwai kuma mai alamar UHF, tsakanin 400 da 470. In tasharka tana kan 150, igiyarta mita 2 ce. In tana kan 450, igiyar ba ta wuce santimita 67 ba. Eriyar da aka fi amfani da ita ita ce mai tsawon rubu'in igiya. Watau ga VHF, wajen santimita 50, kimanin kamu ɗaya ke nan na babban mutum. Ga UHF kuwa santimita 16 ko 17, abin da bai cika taƙi ba.

Daga nan mai karatu zai gane wani abu mai muhimmanci. Gajeriyar eriyar roba da ta ke zuwa tare da rediyon VHF ba ta kai kamu ba. Abin da masu ƙira suka yi, sun naɗe wayar ne kamar sifirin, suka lulluɓe ta da roba, domin ta shiga aljihu kuma kada ta tsone wa wani ido. Wannan sauƙi yana da farashi, gama sau da yawa fiye da rabin ƙarfin rediyo a nan ya ke salwanta. Saboda haka mai rediyon VHF da ya sauya ta da cikakkiyar eriya mai santimita 40 zuwa 50 zai ji bambanci na gaske. Amma mai rediyon UHF, wanda eriyarsa ta asali ta riga ta kai santimita 16, ya riga yana da rubu'in igiya a hannunsa. In ya sayi wata, ƙarin da zai samu kaɗan ne, wani lokaci ma babu. Wannan shi ne dalilin da mutum biyu za su sayi eriya iri ɗaya a shago ɗaya, wannan ya yaba, wancan ya kushe, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

Har wa yau akwai wani tarko. Yawancin dogayen eriyoyin da su ke cika kasuwa, irin su Nagoya NA-771 mai tsawon wajen santimita 39, an daidaita su ne domin masu sha'awar rediyo, waɗanda zangonsu a wannan sashe na duniya ya ke kan 144 zuwa 146, da 430 zuwa 440. Kamfanin gadi ko ƙungiyar da aka ba ta tasha a wajen 165 ko 465 ta yi nisa da wannan wuri. Eriyar za ta ɗauru, za ta yi kyan gani, amma ba tsirkiyar wannan waƙa ba ce. Don haka kafin ka taka zuwa shago, ka san adadin megahaz na tasharku. In ba ka sani ba, ka tambayi wanda ya saita muku rediyon. Wanda ya je sayen eriya bai san zangonsa ba, daidai ya ke da wanda ya je sayen takalmi bai san ƙafar mai sawa ba.

LAMBOBIN DA A KE RUBUTAWA A KWALI

Za ka ga an rubuta wata lamba a jikin leda, da haruffan dB ko dBi a gabanta. Wannan shi ne awon desibel, kuma masu talla suna son sa ƙwarai, domin mutane kaɗan ne suka san ma'anarsa. Ƙarin desibel 3 daidai ya ke da ninka ƙarfi sau biyu. Ƙarin 6, sau huɗu.

To, in eriya ba ta ƙara ƙarfi, ina wannan ƙari ya fito? Ka ɗauki curin fura ka danne shi da tafin hannu. Furar ba ta ƙaru ba, amma ta baje ta yi faɗi, ta rage tudu. Haka doguwar eriya ta ke yi: ƙarfin da zai tafi sama wajen gajimare, inda ba mai saurare, sai ta danno shi ya bazu ta gefe, inda mutane su ke. Iyakar hikimar ke nan. Kuma tana da haddi. Sandar da ba ta wuce kamu ɗaya ba, a kan rediyon hannu, ba ta da inda za ta samo desibel 8 ko 10. In ka ga an rubuta haka, ka san cika baki ne. Bugu da ƙari, dBi da dBd ba ɗaya ba ne. Eriya guda in an auna ta da dBi lambarta ta kan fi ta dBd da 2.15, shi ya sa masu talla suka fi son dBi.

Akwai eriyar da ta ke tattara ƙarfi wuri guda kamar tocila, mai kama da ƙashin kifi, irin wadda a ke gani bisa rufin gidaje domin talabijin. Wasu malamai biyu na Japan, Hidetsugu Yagi da Shintaro Uda, suka ƙago ta a 1926. Tana da amfani in wuri biyu ne tsayayyu za su riƙa magana, kamar ofis da gona. Ga ɗan sintiri mai zagaya ba ta da amfani, gama duk wanda ya ke bayanta ba zai ji sosai ba.

Kada kuma a ɗauka ninka ƙarfi sau biyu shi ne ninka nisa sau biyu. Ko a sararin sama inda ba abin da ya tare, sai an ninka ƙarfi sau huɗu nisa ya ke ninkuwa biyu. A doron ƙasa, tsakanin mutum biyu da su ke tsaye, abin ya kan kai ninki goma sha shida.

TUDU YA FI ƘARFI

A nan ne maganar ta ke, kuma garin Gombe ya isa misali. Wanda ya shigo ta hanyar Bauchi ya sani, daga wajen Tumfure gangarowa a ke yi, ka hangi gari shimfiɗe a ƙasa. Ta gabas kuma ga Dutsen Liji. Cikin garin kansa ga kwaruruka da zaizayar ƙasa ta haƙa, ga gine-ginen siminti da ƙarfe, ga rufin kwano ba iyaka. Igiyoyin VHF da UHF kusan kamar haske su ke tafiya, miƙe. Ba su bin bayan dutse, ba su kuma yin tsalle daga sama su dawo kamar gajeren zangon da a ke jin tashoshin ƙasashen waje da shi.

Duniya kuwa a dunƙule ta ke, saboda haka ko a fili fetal akwai inda ƙasa da kanta za ta tare. Mutumin da ya riƙe rediyo a tsawon mita ɗaya da rabi, iyakarsa wajen kilomita 5. In abokin maganarsa ma haka ya ke tsaye, a haɗa biyu, kilomita 10 ke nan, in babu gida ko itace ko tudu a tsakani. Cikin gari, tsakanin Jekadafari da Bolari ko Herwagana, abin da za a samu ya gaza haka nesa. Amma a ɗaga eriyar nan bisa sanda mai mita 9, iyakarta ta zama kilomita 12. A kai ta mita 16, ta zama kilomita 16. A hau dutse mai mita 100, ta haura kilomita 40. Ba a ƙara wat ko ɗaya ba, ba a sake batir ba.

Ma'anar wannan ita ce, ɗan agajin da ya ke cikin kwari da eriya mai tsada, wanda ya hau rufin soro da gajeriyar eriyar roba ya fi shi. Sau da yawa maganin yankewar magana ba ya shago. Taku ashirin ne zuwa bakin titi, ko hawa bene. Ƙungiyar da ta ke da 'yan kuɗi kaɗan, maimakon ta saya wa mutum ashirin sabuwar eriya, ya fi mata ta kafa guda ɗaya mai kyau bisa dogon ƙarfe a ofishinta, ta zaɓi ofishin da ya ke kan tudu in da hali. Wanda kuma ya ke so daga Gombe ya yi magana da Dadin Kowa, tafiyar kusan kilomita 40, ko da Kaltungo da Billiri inda duwatsu suka yi yawa, to ya sani babu eriyar hannu da za ta yi masa wannan. Abin da ya ke bukata shi ne na'urar maimaitawa, wadda a ke girkawa a wuri mai bisa, ta karɓi magana a wata tasha ta sake watsa ta a wata.

Cikin mota ma haka ne. Jikin mota ƙarfe ne, yana tsare igiya kamar keji. Eriya mai gindin maganaɗisu da a ke mannawa a tsakiyar rufin mota ta fi kowace irin da za a riƙe a ciki. A gida ma ana iya ɗora ta bisa babban tire na ƙarfe a ajiye a wuri mai tsawo, gama irin wannan eriya tana bukatar faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashinta. A rediyon hannu, jikin na'urar da hannun mai riƙewa su ne ke tsayawa a madadin wannan ƙarfe.

Sa'an nan a lura da riƙo. Eriya a tsaye a ke riƙe ta, kanta na duban sama. Wanda ya kwantar da ita a kafaɗa kamar mai waya, alhali ta abokinsa tana tsaye, ya zubar da ƙarfin da ya fi duk abin da sabuwar eriya za ta ba shi. Rataye rediyo a ƙugu ma yana rage ji, domin jikin mutum ruwa ne galibinsa, yana shanye igiya.

BAKIN ƊAURI, DA JABU, DA WAYA

Bakin da a ke ɗaura eriya ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne SMA, mai zare kamar noti, kuma akwai namiji mai tsinke a tsakiya, akwai mace mai rami. Rediyon Baofeng UV-5R tsinken a jikinsa ya ke, don haka eriya mace ya ke so. Na Yaesu da Icom da yawa akasin haka su ke. Wasu na Motorola suna da nasu baki na dabam. Akwai kuma BNC, wanda a ke turawa a murɗa kaɗan. Hatsarin shi ne, wani lokaci eriyar da bakinta bai dace ba ta kan ɗauru sarai, amma ba abin da ya taɓa wani a ciki. Mai rediyo ya yi ta dannawa, ƙarfi ya rasa mafita, ya koma ya ƙona abin da ke aika magana. Saboda haka ka tafi shago da rediyonka a hannu. Kuma ko da wasa kada ka danna maɓallin magana babu eriya a kai.

Bakin SMA ɗan ƙarami ne, ba a yi shi domin ɗaukar nauyi ba. Eriya mai zugewa ta rabin igiya, wadda a VHF ta ke kai mita ɗaya, tana aiki ƙwarai in mutum yana tsaye wuri guda, amma mai gudu cikin lungu da ita zai karya bakin rediyonsa.

Game da jabu, araha ba ta ado. Sunayen da suka yi fice, kamar Nagoya da Diamond, su aka fi kwaikwaya, kuma ido ba ya rabewa koyaushe. Abin da ya ke rabewa shi ne wata 'yar na'ura ta masu gyara, mai auna SWR, watau yawan ƙarfin da eriya ta komar baya. In ta nuna 1.5, kashi 4 cikin 100 ne ya dawo, ba laifi. In 2 ne, kashi 11. In ta kai 3, rubu'in ƙarfin ne ya ke komowa, a ajiye wannan eriya. A tabbata a kan tashar da za a yi aiki da ita aka auna.

Wanda zai kafa eriya a waje sai ya kula da wayar da za ta sauko. Rediyon oba-oba da waya mai om 50 ya ke aiki. Ta talabijin da ta dish mai om 75 ce, ba ta dace ba. Kuma waya tana yoyo kamar tsohon tiyo. Siririyar nan RG-58, a mita 10, tana cinye fiye da sulusin ƙarfi a VHF, a UHF kuwa fiye da rabi. A gajarta ta iyakar iyawa, ko a sayi mai kauri. A naɗe mahaɗinta da kyau saboda ruwan damina da ƙurar hunturu. A nisanta sanda daga wayar lantarki, nisan da ko ta faɗi ba za ta taɓa ba. Wannan magana ce ta rai. A haɗa sandar da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa, in hadari ya taso da tsawa kuwa a cire wayar daga rediyo.

Wani abin mamaki kuma, ƙananan rediyoyi masu araha su kan kurmance in aka ba su babbar eriya kusa da gidan rediyo ko na talabijin. Tashar mai ƙarfi ce ta ke cika musu kunne. Laifin ba na eriya ba ne.

Hanyar gwaji kuwa ita ce: mutum biyu su cika batir, ɗaya ya tsaya wuri guda, ɗaya ya yi ta tafiya har inda magana ta soma shashshaka da tsohuwar eriya. A daidai wannan wuri, ba gaba ba baya, ya ɗaura sabuwa. Gwaji a cikin shago, mutum na kallon ɗan'uwansa, ba ya nuna kome.

ABIN DA DOKA TA CE

Iska ta kowa ce, amma zangon rediyo dukiyar ƙasa ce, kuma rabonsa a ke yi. Tun 1961 Nijeriya ta ke da Dokar Sadarwa Ba Da Waya Ba, wadda ta hana kafa na'urar aika saƙo ta iska ko aiki da ita ba tare da lasin ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar ƙasa mai kula da rabon zango. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, wadda aka fara kafawa a 1992, ita ke ba kamfanonin kasuwanci nasu. Waɗanda ba kasuwancin sadarwa su ke yi ba, da masu sha'awar rediyo waɗanda lambar kiransu ta ke farawa da 5N, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a Abuja su ke nema.

Wannan ya shafi zancen eriya kai tsaye. Muddin muryarka ba ta wuce lungunku ba, kuskuren tasha ba ya damun kowa sosai. Ranar da ka ɗaga eriya mita 16, muryarka ta isa inda ba ka zata ba. Jiragen sama suna magana da hasumiya tsakanin megahaz 118 da 137, ga shi kuwa rediyon VHF da yawa daga 136 su ke farawa, filin jirgin sama na Lawanti kuma ba nisa ya ke da gari ba. Tashoshin 'yan sanda da soja da 'yan kwana-kwana su ma cikin waɗannan zanguna su ke. Don haka shugaban kowace ƙungiya ya fara neman tasharsa ta halal, ya sa ƙwararren mai gyara ya saita dukkan rediyoyin a kanta, ya rubuta adadin megahaz ɗin a takarda. Da wannan takarda, da rediyo guda a hannu, za a tafi shagon eriya.